Me Ya Sa Gwamnatin Haɗaka Ke Fara Tuntuɓe Tun Kafin Ta Cika Kwana Ɗari?

Wani ɗan'uwa daga Fagge, wanda ya ce ya yi wakilcin akwati a zaɓen 2015, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, me ya sa duk lokacin da jam'iyyu suka haɗa kai suka ci zaɓe, ba a rufa wata uku sai ka ji rigima ta ɓalle a tsakaninsu? Kwaɗayin muƙami ne kawai, ko akwai abin da mu na ƙasa ba ma gani? Ga shi ana ta batun sabuwar haɗaka, ta yaya za mu gane wadda za ta ɗore?"

Ɗan'uwa, kwaɗayi yana ciki, ba zan musa maka ba. Sai dai kwaɗayi yana cikin kowace gwamnati, har wadda jam'iyya ɗaya tilo ta kafa, kuma ba kowacce ce ke tuntuɓe tun a makon farko ba. A iya bibiyar da nake yi wa siyasar ƙasar nan da ta maƙwabta, abin da ke kayar da haɗaka shi ne maganar da aka ƙi yi kafin zaɓe. Waɗanda suka haɗu sun yarda da abu guda, wato wane ya sauka. Wa zai riƙi me, wa zai raba gardama idan an saɓa, wane alkawari za a fara cikawa, duk ana ɗage su "sai an ci", domin kowa na tsoron idan aka taɓo su tafiyar za ta watse tun ba a kai ga akwati ba. To ranar da aka ci, wanda suka haɗu don kayarwa ya tafi gida, su kuma maganganun da aka ɗage suna nan suna jira.

Tunda a 2015 ka yi aikinka, bari mu tsaya a nan sosai.

A watan Fabrairun 2013 aka sanar da haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, hukumar zaɓe ta yi wa APC rajista a ƙarshen Yulin shekarar. A watan Nuwamba gwamnoni biyar suka shigo daga PDP: Kwankwaso na Kano, Wamakko na Sakkwato, Nyako na Adamawa, Amaechi na Ribas da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Mu a Kano mun ga tsagewar farko tun kafin a je ko'ina. Malam Ibrahim Shekarau na cikin waɗanda aka kafa jam'iyyar da su daga ɓangaren ANPP, amma da aka damƙa jagorancinta a jiha hannun gwamna mai ci, wanda ya zo daga baya, sai ya fice a farkon 2014 ya koma PDP. Irin haka ta faru da Bafarawa a Sakkwato. A lokacin mutane suka ce ai ba komai, guguwar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta fuskar ƙuri'a ba su yi ƙarya ba, domin Buhari ya samu 1,903,999 a Kano, Jonathan ya tashi da 215,779. Amma tambayar da ficewar Shekarau ta tayar, wato tsakanin wanda ya gina gida da wanda ya shigo da ƙarfinsa wa ke gaba, babu wanda ya amsa ta. Ita ce ta sake dawowa a Abuja kwana goma sha ɗaya bayan rantsuwa.

Ranar 9 ga Yunin 2015 aka buɗe sabuwar majalisa. Uwar jam'iyya ta tsayar da Ahmad Lawan a majalisar dattawa da Femi Gbajabiamila a ta wakilai. Dubi rabon da kyau. Shugaban ƙasa daga tsohuwar CPC, mataimakinsa daga tsohuwar ACN, Lawan daga tsohuwar ANPP, Gbajabiamila kuma daga ACN. Ina waɗanda suka baro PDP da gwamnoni biyar, suka kawo kuɗi da jama'a? Babu su. Da safiyar ranar, sanatocin APC kusan hamsin suna zaune a babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja, sanye da manyan riguna, suna jiran ganawar da aka ce za su yi da shugaban ƙasa. Suna nan zaune labari ya iske su cewa an buɗe zaure, sanatoci 57 da ke ciki, yawancinsu 'yan PDP, sun zaɓi Bukola Saraki, ɗaya daga cikin waɗanda suka baro PDP, ba hamayya. Suka bazama motoci, amma aikin gama ya gama. Kujerar mataimaki ta faɗa hannun Ike Ekweremadu na PDP, jam'iyyar da aka ce an kora. A majalisar wakilai Yakubu Dogara, shi ma tsohon ɗan PDP, ya kayar da Gbajabiamila da ƙuri'a 182 da 174.

Mutane da yawa suna kiran wannan cin amana su wuce. Ni ina ganin kuskuren ya riga ranar. Tsarin mulki ya ba 'yan majalisa ikon zaɓen shugabanninsu da kansu, jam'iyya ba ta da hanyar tilasta su sai lallashi da ciniki. Wanda ke da nauyin da zai zaunar da ɓangarorin ya raba musu shi ne shugaban ƙasa, shi kuma ya nuna zai yi aiki da duk wanda aka zaɓa. A jawabinsa na rantsuwa ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne. Talakawa sun ji daɗin maganar, kuma na fahimci dalili. Amma abokan tafiya abin da suka ji daban ne, kowane ya ɗauka an ce masa ya nemi nasa da hannunsa. Shugaban da haɗaka ta ɗora ba shi da damar tsame hannu daga rabo, domin idan bai raba ba wani zai raba, kuma ba lallai ya raba yadda zai yi masa daɗi ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Ba a naɗa sakataren gwamnati da shugaban ma'aikatan fadar ba sai ƙarshen Agusta. Ministoci ba a rantsar da su ba sai 11 ga Nuwamba, wata biyar da rabi bayan karɓar mulki, a daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ke faɗuwa kuma 'yan kasuwa ke jiran su ji ina aka dosa da batun dala. A watan Satumba aka gurfanar da Saraki gaban kotun ɗa'ar ma'aikata, magoya bayansa suka ɗauke ta ramuwar gayya, shari'ar ta yi ta tafiya har sai da kotun ƙoli ta sallame shi a 2018. Kasafin kuɗin 2016, bayan surutun ɓacewarsa da na cushe, ba a sa masa hannu ba sai a watan Mayu. Sau biyu majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017, kuma hujjar da ta riƙe rahoto ne na hukumar tsaron farin kaya, wadda ke ƙarƙashin shugaban ƙasar da ya aiko da sunan. Wato rigimar ta wuce tsakanin fada da majalisa, ta shiga cikin fadar kanta. A Satumbar 2016 Tinubu ya fito fili ya nemi shugaban jam'iyya John Oyegun ya sauka saboda zaɓen fidda gwani na Ondo. Wata guda bayan haka Hajiya Aisha Buhari ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa waɗanda suka sha wahalar tafiyar an bar su a gefe, waɗanda ba su yi komai ba su ne a kan kujeru. Kai da ka kasa ka tsare ka raka, na san ba sai an fassara maka ba, domin a majalisun unguwa abin da ake faɗa ke nan tun kafin ta faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shugabannin hukumomin gwamnati kuwa, waɗanda su ne ake sallamar matsakaitan 'yan siyasa da su, ba a fitar da babban jerinsu ba sai ƙarshen 2017, kuma aka tsinci sunayen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya a ciki. Jerin ya daɗe a aljihun tebur har wasu masu shi suka rasu.

Atiku ya fice a Nuwambar 2017. A Yulin 2018 Buba Galadima, wanda ke tare da Buhari tun zamanin ANPP, ya jagoranci ɓangaren da ya kira kansa sabuwar APC. Kafin watan ya ƙare Kwankwaso da wasu sanatoci da 'yan majalisar wakilai da dama suka sauya sheƙa, Saraki ya biyo baya, Tambuwal ma haka.

Yanzu ga abin da ka ce ku na ƙasa ba kwa gani, kuma shi ne nake so ka riƙe. Tsarinmu na shugaba mai cikakken iko ba ya barin abokin haɗaka da abin riƙo. A dokar zaɓenmu jam'iyya ɗaya ce ke tsayar da ɗan takara, tambarinta ne a kan takardar ƙuri'a. Don haka masu son haɗuwa ko dai su narke su zama ɗaya, su miƙa wa hukumar zaɓe takardun rajistarsu kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka yi, ko kuma su kwashi kayansu su shiga jam'iyyar wani. Ko ta wace hanya, ranar da aka rantsar da shugaba, shi kaɗai ke da alƙalamin naɗi da na kora na tsawon shekara huɗu. Mataimakinsa ma, in ban da 'yan ayyukan da tsarin mulki ya ambata, sai abin da aka ba shi. Yarjejeniyar da aka yi a ɗakin otal da tsakar dare babu kotun da za ta tilasta cika ta. Abokin tafiyar da aka yi wa alkawari ba zai iya kayar da gwamnati ta hanyar janye ƙuri'unsa ba. Abin da ya rage masa biyu ne: ya ƙwace majalisa ya riƙa taka birki, ko ya tayar da ɓangare a cikin jam'iyya. Na biyun ma akwai dalilinsa na doka. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai idan rabuwa ce ta auku a jam'iyyar ko ta haɗe da wata. Shi ya sa kafin kowace babbar sauya sheƙa za ka fara jin an ƙirƙiro "sabuwar" wance. Ba hayaniyar banza ba ce, hanya ake sharewa.

Ga kuma nauyin rabon kansa. Dole kowace jiha ta samu minista aƙalla ɗaya. Kujerar Kano guda ɗaya ko biyu, wa za a ba? Na tsohuwar CPC da suka sha rana tun 2011, ko na gwamna, ko na tsohon gwamna? Duk wanda aka zaɓa an ɓata wa gida biyu. Ka ninka wannan sau talatin da shida. Ban ce wannan ya wanke jinkirin wata biyar da rabi ba, ko kaɗan. Jinkirin ya yi muni har sai da aka gyara tsarin mulki a 2023, aka wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60, kuma Buhari ne da kansa ya sa wa gyaran hannu.

Kada ka ɗauka abin ya fara daga APC. A 1979 NPN ta Shagari ba ta da rinjaye, kujeru 36 ta samu daga 95 na dattawa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe. NPP ta samu kakakin majalisar wakilai, Edwin Ume-Ezeoke, da mataimakin shugaban dattawa da wasu ministoci. Ba a cika shekara biyu ba ƙawancen ya mutu a Yulin 1981. Abin lura shi ne da jam'iyyar ta ce ministocinta su fito, ba duka suka fito ba. Farfesa Ishaya Audu, wanda shi ne ya yi wa Azikiwe takarar mataimaki, ya ci gaba da zama ministan harkokin waje. Ƙaramin abokin tarayya yakan gano a makare cewa mutanen da ya aika cikin gwamnati sun zama na gwamnati. A nan gida ma, abin da ya raba PRP gida biyu, Santsi da Taɓo, har da batun da wa za a yi ƙawance: gwamnoninta biyu, Rimi da Balarabe Musa, suna zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP, uwar jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano ta ce su daina, suka ƙi.

Za ka iya cewa to a raba kujerun tun kafin zaɓe mana, a huta. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada. A 1993 jam'iyyun da suka haɗu a ƙawancen AFC don hana tsohuwar jam'iyya mai mulki MNSD komawa mulki sun raba tun da wuri: Mahamane Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Djermakoye shugaban majalisa. Kowa ya samu kujerarsa. Abin da ba a tantance ba shi ne iyakar ikon kowace kujera. A Satumbar 1994 shugaban ƙasa ya fitar da dokar da ta rage ikon firaminista, Issoufou ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki, jam'iyyarsa ta koma wajen waɗanda aka haɗu don a kayar. Gwamnati ta rasa rinjaye, aka rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka ci, Hama Amadou ya zama firaminista. Shekara guda aka yi ana zaman doya da manja, har ta kai ana jayayya kan kiran taron majalisar ministoci da abin da za a tattauna a cikinsa. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su baki ɗaya a juyin mulkin soja. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin jama'ar da suka yi gwagwarmayar babban taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar dimokuraɗiyya, ba su suka jawo ba, amma su suka biya.

Ƙasashen da suka saba da haɗaka suna rubuta komai. Jam'iyyu ukun da suka kafa gwamnati a Jamus a ƙarshen 2021 sun sa hannu kan yarjejeniya mai shafi 177. Duk da haka ta rushe a Nuwambar 2024, da shugaban gwamnati Olaf Scholz ya kori ministan kuɗinsa, bayan hukuncin kotun tsarin mulki ya buɗe giɓin yuro biliyan 60 a lissafinsu, wanda takardar ba ta tanadi yadda za a cike ba. Takarda ba laya ba ce. Amma ta riƙe su kusan shekara uku, kuma da suka rabu kowa ya san a kan wane layi aka rabu, masu zaɓe suka yi hukunci.

Misalin da ya fi amfani ga tambayarka ta ƙarshe shi ne Afirka ta Kudu. A zaɓen 2024 jam'iyya mai mulki ANC ta faɗi zuwa kashi 40 cikin ɗari, kujeru 159 daga 400, dole ta haɗa gwamnati da DA, abokiyar hamayyarta ta shekara da shekaru, da wasu ƙanana. Tun watannin farko suke cacar baki. Ministar ilimi 'yar DA ta ƙi halartar bikin sa hannu kan dokar makarantun da ke ƙarƙashin ma'aikatarta. A Fabrairun 2025 aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi a ranar da za a gabatar da shi, saboda ministan kuɗi ya zo da ƙarin harajin kayayyaki daga kashi 15 zuwa 17 ba tare da ya samu amincewar abokan tafiya ba. DA ta kaɗa ƙuri'ar ƙi a majalisa, ta kuma garzaya kotu, daga ƙarshe aka janye ƙarin. Ihu ya yi yawa, amma gwamnati ta tsallake wannan gaɓa. Dalili shi ne kowace jam'iyya na nan da gidanta da kujerunta, babba ta san ƙaramar na iya cutar da ita, ƙaramar ta san idan ta fice wa zai maye gurbinta. Rigimar kuma a kan haraji ce, abin da talaka zai iya auna wa ke da gaskiya.

Saboda haka idan ka ji ana hayaniya a sabuwar gwamnatin haɗaka, kada ka yi saurin cewa ta mutu. Ka fara tambaya a kan me ake yi. Idan a kan farashi ne ko haraji ko wata doka, da sauran rai, wani lokacin ma alheri ne. Idan kuwa a kan wa ke shiga wajen shugaba ne da wa aka tsayar a ƙofa, ciwon ya yi zurfi. Sannan ka duba inda ake yin rigimar. Muddin manyan suna da ɗakin da suke haɗuwa a kai a kai, su rufe ƙofa su faɗa wa juna magana mai zafi su fito, za a iya ɗinkewa. Kai ɗan Kano ne, ka san alamar da ke nuna an daina haɗuwa a ɗaki. Ka kunna rediyo bayan sallar isha, ka ji sojan bakan da jiya yake wasa jagororin biyu a numfashi ɗaya, yau yana ambaton ɗaya ya tsallake ɗaya, gobe ya fara habaici, jibi ya kama suna. Ba da kansa yake wannan ba, kuma ba shi ke biyan kuɗin filin ba. Haka aka yi tsakanin Kwankwaso da Ganduje, mutanen da suka yi gwamna da mataimaki sau biyu. An yi ta musun akwai matsala har watan Maris na 2016, lokacin ta'aziyyar mahaifiyar gwamna Ganduje, abin ya fito fili. Daga nan aka shiga rabon shugabannin jam'iyya da kwamishinoni da kansiloli, jar hula ta zama abin da ake dubawa kafin a gaisa, har mataimakin gwamna Farfesa Hafiz Abubakar ya ajiye muƙaminsa a Agustan 2018.

Game da haɗakar da ake magana a kai, wadda ta ɗauki jam'iyyar ADC a Yulin 2025 da David Mark a shugabancin riƙo, ma'aunin ɗaya ne da na kowace. Yawan manyan da ke cikin hoto ba ya gaya maka komai, APC ma ta tara su. Idan jagoran mazaɓarku ya zo neman ka sake tsare akwati, ka tambaye shi ta wace hanya za a fitar da ɗan takara, kuma waɗanda suka faɗi me aka tanadar musu. Ka tambaye shi ko an yi maganar shugabancin majalisa yanzu, ko ita ma sai an ci. Ka tambaye shi abu uku da suka amince za su yi da man fetur da naira da tsaro, waɗanda ɗan Legas da ɗan Kano na cikinsu za su faɗa iri ɗaya ko ba sa wuri ɗaya. Sannan ka tambaye shi ta gida: a Kano wa zai riƙe jam'iyyar, a hannun wa rajistar 'yan jam'iyya take, kuma wa zai rubuta sunayen 'yan takara da za a kai wa hukumar zaɓe? Wannan ta ƙarshen kada ka bari ya zille mata. A watan Mayun 2022 Shekarau ya shiga NNPP ta Kwankwaso, aka yi murna an ga manyan Kano biyu a inuwa ɗaya. A watan Agusta ya fita, yana cewa an yi alkawarin ba mutanensa guraben takara amma da aka miƙa sunaye babu su.